Kowane Yaro da Allonsa: Iyaye da Ƙananan Makarantu a Gwandu da Kalgo

Hantsi bai gama ɗagawa ba, zauren ya riga ya cika da muryoyi. Yara kusan talatin ne a kan tabarmi, kowa da allonsa a cinya. Na bakin ƙofa yana fama da babbaƙu, yana bin harafi da ɗan yatsa. Na kusa da shi ya kai Sabbi. Can ƙurya wata yarinya ta runtse ido tana tilawar abin da ta wanke jiya.

Baƙon da ya tsaya daga waje hayaniya kawai zai ji. Malam kuwa, daga kan buzunsa, kowace murya daban yake jin ta. Ko kai bai ɗago daga allon da yake dubawa ba zai gyara wa wanda ya ja harafi inda babu ja.

Duk wanda ya tashi a Gwandu, ko Kambaza, ko Dalijan, ya san wannan zaure. Amma karatun ba a nan yake ƙarewa ba. Bayan Magariba, uwa na kwashe tuwo, sai ta dubi ɗanta ta ce, "Ina aka tsaya yau? An wanke ko ba a wanke ba?" Mai yiwuwa ita kanta ba ta iya rubutu ba, amma ta san surar da ɗanta yake, ta san kwana nawa ya yi a kanta.

Yanzu a leƙa wani aji na firamaren gwamnati. Can ma akwai allo, amma guda ɗaya ne, baƙi, a jikin bango, yara saba'in ko tamanin suna kallonsa. Wanda ya gane da wanda bai gane ba, tare za su wuce aji na gaba. A gida kuma da wuya a tambaya.

Tazarar da ke tsakanin allunan nan biyu ita ce ke sa iyaye da yawa neman wata hanya a yau.

Abin da ya sa ake waiwaye

Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, tana sahun gaba cikin jihohin da ke da yawan yaran da ba sa zuwa makarantar boko. A faɗin Nijeriya, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana ambaton yara kimanin miliyan 10 da rabi 'yan shekarun firamare da ke waje. Ƙiyasin da aka fitar a 2022, wanda ya haɗa da manyansu, ya kai miliyan 18 zuwa 20.

Na cikin ajin ma ba su tsira ba. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke iya karanta ɗan gajeren labari ya fahimta. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara kimanin 35 a firamare. A makarantu da dama na arewa adadin ya ninka haka.

Manomi ba ya bukatar alƙaluma kafin ya gane. Ya miƙa wa ɗansa ɗan aji biyar takardar asibiti ya karanta masa, yaron ya yi shiru yana jujjuya ta. Daga ranar uban ya yanke hukunci a zuciyarsa, ko dai ya janye yaron zuwa fadama, ko ya nemi inda za a kula da shi.

Sai kuma tsoro da tsada. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ya sanyaya gwiwar iyaye game da makarantun kwana da na nesa. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin kabu-kabu, har kai yaro makarantar da ke wata unguwa ya zama lissafi. Makarantar da ke bayan gida, wadda yaro zai taka da ƙafa, uwa kuma ta san matar malamin, sai ta ƙara daraja.

Gadon da ke Gwandu

A birane ana tallata "koyarwa daidai da bukatar kowane yaro" kamar sabon kaya daga ƙetare. Allunan makarantun kuɗi da yawa na ɗauke da sunan Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum a 1907, inda ta bar kowane yaro ya tafi da saurinsa. Tunani ne mai kyau. Sai dai mutumin Gwandu ba baƙo ba ne a wurinsa.

A wannan gari kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanin Shehu Usmanu. Malam Abdullahi ne ya riƙe yammacin daular Sakkwato, ya rasu a 1829. Shi ne mai tafsirin Diya'ut Ta'wil da littafin Diya'ul Hukkam. A wani ƙaramin littafinsa, Ida'un Nusukh, ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Na farko a jerin mahaifinsa ne, Muhammadu Fodiyo, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani. Yana ɗan shekara 13 wansa Shehu ya karɓi ragamar karatunsa. Daga nan ya bi kawunnai da sauran malamai, kowane littafi da malaminsa.

Ke nan babban malamin da ƙasar Gwandu ke alfahari da shi, a tsakar gida aka fara gina shi.

'Yar wansa, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Tana naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata a cikin gidajensu da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Ta gane cewa ilimin da ya shiga kan uwa ya shiga gida duka.

Makarantar allo ta gari a kan wannan harsashi ta zauna. Yaro ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ya ji ya zauna. Mai kaifin kai ya yi gaba, mai nauyin kai a jira shi, ba wanda za a ce ya faɗi jarrabawa. Iyaye kuma suna ciki tsundum. Uba ne ke kama hannun yaro ya kai shi, ya ce ga amana. Duk mako ana aika kuɗin Laraba. In yaro ya kai wasu sanannun surori, gida na yin sadakar abinci a kai makaranta, unguwa ta san ɗan wane ya matsa gaba. Ranar sauka kuwa, da allon zayyana a hannu, biki ne na dangi duka.

Kamar murhu ne mai duwatsu uku: malam, yaro, iyaye. A janye ɗaya, tukunya ta tuntsure.

Inda aka janye dutsen

An janye dutsen iyaye ta fuska biyu.

Ta farko ita ce almajirancin nesa. Yaron da aka ɗora a mota aka tura shi gari mai nisa, ba guzuri, ba ziyara, yana da allonsa shi ma, amma ba mai tambayarsa inda aka tsaya. Malam ɗaya da yara fiye da ƙarfinsa, ciki kuma ba ya jira, sai bara ta cinye lokacin karatu. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Wanda ya ga hotunan yaran nan ya ga abin da rashin iyaye ke yi wa tsarin da asalinsa mai kyau ne.

Gwamnati ta yi yunƙuri. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka kuma gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa. Da yawansu sun lalace bayan 'yan shekaru. An zuba siminti da kwano, amma ba a zauna da iyaye da alarammomi yadda ya kamata ba, don haka ba su ɗauki makarantun a matsayin nasu ba. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma wannan darasi na jiran ta.

Ta biyu ita ce yadda boko ya shigo. Ya zo ne a matsayin abin hukuma. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an zo ɗibar 'yan makaranta. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Amma doka na iya kai yaro bakin aji, ba ta iya sa uba ya ji makarantar tasa ce. Har gobe za ka ji ana cewa "makarantar gwamnati", kamar yadda ake cewa motar gwamnati, abin da in ya lalace ba asarar kowa ba ce.

Tun wajen 2006 aka amince a kafa kwamitin kula da makaranta a kowace firamare, mai ɗauke da wakilan iyaye, mata, masu unguwa da malaman addini. Inda kwamitin ke da rai, ana ganin bambanci. A wurare da yawa kuwa suna ne a takarda, ba a tuna shi sai iska ta yaye rufin aji.

Ƙananan makarantun yau

A cikin wannan giɓi ne ƙananan makarantu ke tsirowa. Akwai Islamiyyar yamma da ta dare. Akwai makarantun haddar Alƙur'ani da suka haɗa da lissafi da Turanci. Akwai nazire da firamare a gidan haya mai ɗaki uku ko huɗu. Akwai kuma lesin da wani ɗalibi ko malama ke yi wa yaran maƙwabta a zaure bayan La'asar.

Kalgo ta ga sauyi na musamman. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a ƙasar Kalgo yake, ga kuma babban asibitin da jiha ta gina a garin. Ma'aikata da iyalansu sun shigo, kuma irin iyayen nan ne masu duba littafin yaro kowane dare, masu tambayar dalilin da ya sa maki ya sauka. Ɗan kasuwa da manomin shinkafa da ke maƙwabtaka da su suna gani, su ma suna so.

A Gwandu ƙarfin ya fi karkata ga gadon karatun addini. Abin da iyaye da dama ke nema shi ne yaro ya samu Alƙur'ani bai rasa boko ba, kuma ya kwana a ɗakin uwarsa.

Amfanin ƙanƙanta a fili yake. Malamar da ke da yara goma sha biyar ta san wanda ke rikita "b" da "d", ta san wanda ba ya gani sosai daga baya, ta san wadda ke zuwa ba ta karya ba. In yaro ya yi fashin kwana biyu, za ta aika a tambaya. In lokacin girbin shinkafa ya zo, ko dashen albasa, ana iya zama da iyaye a sassauta lokaci maimakon a rasa yaran gaba ɗaya.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Ba mu kaɗai muka bi ta nan ba. A Bangaladash, ƙungiyar BRAC ta fara buɗe makarantu masu ɗaki ɗaya a 1985: malama ɗaya 'yar ƙauyen, yara kimanin talatin, yawancinsu mata. Iyaye ne ke taimakawa wajen zaɓar lokacin karatu don kada ya ci karo da aikin gida da gona, kuma ana taro da su kowane wata. Yawancin iyayen ba su iya karatu ba, amma miliyoyin yara sun bi ta waɗannan ɗakuna.

A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fito da hanyar koyar da yaro daga inda ya tsaya. Ana zama da kowane yaro shi kaɗai a gwada shi: ya san haruffa? ya iya haɗa kalma? ya iya karanta jimla? Sai a raba yara bisa matakinsu, ba bisa shekaru ko aji ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin masanan da suka gwada hanyar suka tabbatar tana aiki. An fara amfani da ita a wasu jihohin arewa, ciki har da Borno da Kano, da harshen Hausa.

Alaramman Gwandu da aka yi wa bayanin wannan zai gane shi nan take. Babbaƙu ne, da farfaru, sannan zube.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Iyaye na da nasu kuka. Uban da ya fita fadama tun asuba, ko ya tafi ci-rani bayan kaka, yaushe zai zauna taron makaranta? Wasu na cewa ba a kiran su sai za a karɓi kuɗi: na jarrabawa, na yunifom, na walima. Wasu kuma kunya ce ke hana su, don in sun je da Turanci ake magana, a miƙa musu katin sakamako da ba su iya karantawa. Mata da yawa ba sa fita da rana, taron kuma da rana ake sa shi.

Malamai su ma da nasu. Sukan ce akwai uban da yake ganin da ya biya kuɗin zango ya sauke nauyi, kamar wanda ya kai ɗinki wurin tela. Akwai wanda ba a ganinsa sai ranar da aka tsawata wa ɗansa. Akwai mai matsawa a tsallakar da yaro aji don ɗan maƙwabci ya wuce, ko a sa yaro ya haddace izu da yawa cikin gaggawa don a yi walima. Mai makarantar da ke tsoron rasa ɗalibi sai ya biye masa, a ba yaro na ɗaya a takarda alhali kansa fayau.

Jami'an ilimi kuma damuwarsu inganci ne. Makarantu da yawa ba su da rajista. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, amma a ƙananan makarantu sau da yawa wanda ya gama sakandare ne ke riƙe da aji, a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Wasu gine-ginen ba banɗaki, ba filin wasa, ba iska.

Akwai kuma masu wata fargaba mai nauyi. In duk iyayen da ke da baki da ido suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, wa zai tsaya wa firamaren gari? Ɗan talaka, da ɗan Bafulatanin ruga, da ɗan masunci a bakin gulbi, su za a bari da allon bango. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk mai son ƙananan makarantu ya kamata ya riƙe ta a zuciya.

Uwar da ba ta shiga aji ba

Babban kuskuren da ake yi shi ne zaton sai mai ilimin boko ke iya taimakon karatun ɗansa.

Mahaifiyata ba ta taɓa zama a benci ba. Amma kowane dare, in an kunna fitila, sai ta ce in ɗauko littafina in karanta mata da ƙarfi. Tana tsinke zogale ko tana ɓarar gyaɗa, kunnenta na wurina. Ba ta san haruffan ba, amma ta san muryar mai karatu da muryar mai kame-kame. In na yi tuntuɓe sai ta ce, "Koma baya, ban ji daɗin wurin nan ba." In na gama ta ce in faɗa mata da bakina abin da labarin ya ƙunsa. Sai da na girma na gane cewa abin da ƙwararrun malamai ke kira auna fahimta shi take yi, a kan tabarma, ba ta karɓi ko kwabo ba.

Uba ma haka. Wanda ya sa ɗansa ya ƙirga buhunan shinkafa, ya lissafa kwano nawa ke cikin buhu, ya fitar da kuɗin taki da na man injin ban-ruwa, ya koya masa lissafin da ba zai manta ba. Kakar da ke yi wa jikoki tatsuniya tana cika musu kai da kalmomi, kuma yaron da ya ƙoshi da harshen uwarsa ya fi saurin kama karatu a kowane harshe.

Iyaye ne kaɗai suka san wasu abubuwa: wannan yaron ba ya son a daka masa tsawa, wancan zazzaɓi ya taɓa kunnensa, wannan hannunta na hagu ya fi ƙarfi. Malamin da bai ji waɗannan daga gida ba, a duhu yake laluben yaron.

Abin da za a iya farawa gobe

Masu makarantu su buɗe ƙofa tun kafin lokacin karɓar kuɗi. A yi taro da Hausa, ko da Fulatanci inda ya dace. A sa na maza bayan Isha'i ko bayan Juma'a, na mata kuma a cikin gida, malama ta je ta same su kamar yadda jajin Nana Asma'u ke yi. A daina tsayawa kan "ya zo na biyar". A gaya wa uba ƙarara cewa ɗansa ya san haruffa amma bai fara haɗa su ba, ga kuma abin da za a yi cikin wata guda. Inda akwai waya, saƙon murya na WhatsApp ya isa ga wanda ba ya karatu.

Hukumomin ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi su sauƙaƙa rajista, su jawo malaman ƙananan makarantu cikin horon da ake ba na gwamnati. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga jami'a a Kalgo. Ɗalibansu na iya yin aikin koyarwa a zaurukan unguwa, kowa ya ƙaru.

Masarautar Gwandu, hakimai da limamai suna da muryar da takardar ofis ba ta da ita. Huɗuba guda a kan haƙƙin ɗa a wuyan mahaifinsa, da mai unguwar da zai zauna a kwamitin firamare da gaske, za su motsa abin da shekaru suka kasa. Iyayen da suka koyi sa ido a ƙaramar makaranta kuma kada su manta da ta gari, don ɗa na kowa ne.

Sauran aikin na cikin gida ne, kuma ba ya cin ko naira. Yau da dare, a Gwandu da Kalgo, a Diggi da Dalijan, yara za su dawo da allo ko da jakar littattafai su ajiye a gefen ɗaki. Malam ya yi nasa tun da rana. Abin da ya rage shi ne wani babba a gidan ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kira yaron da sunansa, ya ce masa, "Zo nan. Ina aka tsaya yau?"